Gwajin da Na Yi wa Yaya Shi Kaɗai

Litinin, da hantsi

Rahoton ya fita a intanet. Oga ta latsa ta ce, "Shi ke nan, ya hau shafi," Dogo abokin aikina ya kama tafi shi kaɗai kamar wanda aka ɗauko haya. Manhajoji huɗu muka gwada, na masu shagon magani, irin waɗanda ke lura da abin da ya rage a kanta da abin da ya kusa lalacewa. Ƙungiyar masu kyamis ce ta ce mu kwatanta mata su, za ta ɗauki biyun farko ta raba wa shagunanta. Ta Yaya ce ta zo ta ƙarshe. Ni na gwada, ni na ba da maki.

In ana gwaji ba ma kiransu da sunayensu, launi muke ba su don kada suna ya ja mu: Ja, Shuɗiya, Fara, Koriya. Koriya ce tasa. Wai don kada in gane! Abin da aka rubuta a ɗakin da ke jikin nawa, shekara biyu ina jin ƙwas-ƙwas ɗin kwamfutarsa ta bango tun ranar da ya ajiye aikinsa saboda ita.

Kowa a ofis ya san yayana ne, tun farko na faɗa kamar yadda doka ta ce. Oga ta ce da ta cire ni, to wadda za ta karɓa tana hutun haihuwa, kuma ta yarda da ni. Yau ma ta sake faɗa, har da dafa min kafaɗa. Shayina ya huce a gabana ban taɓa ba.

Litinin, bayan la'asar

Na bi doguwar hanya, na tsaya shagon mai gyaran takalmi ba tare da takalmin da ya tsinke ba. Duk da haka na iso gida.

Yaya na falo, kwamfuta a cinya. Na shirya wa faɗa, wallahi har amsa na tanada. Sai ya ɗago ya ce, "Auta, zo nan." Ya juya wajen kicin ya ɗaga murya, "Umma, fito ki ga alƙaliyar da kika haifa! Ta kayar da yayanta a gaban duniya ko gezau."

Umma ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Ke ko kunya? Ko ɗan maki ɗaya ba ki ƙara masa ba?"

Ya ce, "Da ta ƙara da na raina ta. Umma, ba ki san darajar wannan ba. Yanzu duk wanda ta ce abinsa na da kyau, to yana da kyau."

Idonsa ya yi ja, amma yana dariya. Da muka zauna cin abinci ya ɗauke tsokar da ke gabansa ya ɗora min. Na ci. Ban san yadda ta wuce ba.

Talata, da rana

Na yi aiki. Ba abin da ya faru.

Laraba, lokacin hutun cin abinci

Duk sun fita, ni kaɗai ce da fankar nan mai kuka. To bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Yadda muke yi ke nan. Waya ɗaya ce ta ofis, mai tsagaggen gilashi a kusurwa. A goge ta tas, a sa manhaja ta farko, a zuba mata magungunan ƙarya iri ɗaya, a yi ayyuka iri ɗaya: shigar da sabon kaya, sayarwa, maido da wanda aka dawo da shi, neman wanda ya kusa lalacewa. A goge waya, a sa ta biyu. Washegari a juya jerin don kada gajiyar yamma ta riƙa faɗa wa guda ɗaya. A saman teburina Oga ta manna dokarta da manyan baƙaƙe: abin da ka yi wa ɗaya, ka yi wa duka. Ni na gyara mata selotef ɗin da ya ɓalle.

Ja na yi mata ayyukanta. Shuɗiya haka, Fara haka. Da na zo kan Koriya tana tafiya sumul, abin haushi ma ta fi su sauri, sai Dogo ya leƙo ta bayana yana tauna biskit ya ce, "A'a, 'yar gida ce a hannu? Ai mun san wadda za ta zo ta ɗaya, a buga rahoto kawai." Ya yi dariyarsa ya wuce. Wasa yake yi, Dogo ko gawa ya gani sai ya tsokane ta. Amma kunnuwana suka ɗau zafi.

Na shigar da cinikin maganin tari, na latsa a ajiye, tana cikin juyawa na ja saman waya na kashe data. Na kunna. Cinikin ya ɓace, kwalba ta fita daga shago amma manhaja na cewa tana nan. Na sake, ya sake ɓacewa. Na rubuta: "Ta zubar da bayanai a lokacin gwaji." Gaskiya ne, ta zubar. Ban rubuta cewa ni na kashe data ba. Ban koma na kashe wa sauran ukun ba. Riƙon bayanai shi ne mafi nauyi a makinmu, shi ya jefa ta ƙasa.

Dogo ya duba lissafin makin ya ce daidai ne. Lissafin kam daidai ne.

Alhamis, da safe

Na ce yau zan faɗa wa Oga. Ta shigo da mura, na ce ba ranar ba ce.

Juma'a, da yamma

Yaya ya tare ni a bakin famfo ina wanke kofuna. Ya ce, "Auta, don Allah taimake ni da abu ɗaya. Na gwada na gwada, ta ƙi zubar da komai a hannuna. Me kika yi mata takamaimai?"

Na ce, "Yaya, doka ta hana mu faɗar yadda muke gwaji."

Ƙarya ce tsagwaronta. Dokar cewa ta yi duk wanda ya tambaya a faɗa masa, har a shafinmu an rubuta. Da ya duba da ya gani. Bai duba ba, saboda ni na faɗa.

Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Na tuba, ranki ya daɗe. Ba zan sa ki karya doka ba." Ya karɓi kofin da ke hannuna ya ɗauraye min. Tir da ni.

Lahadi, da hantsi

Inna, ƙanwar Umma, ta zo. Sai da Yaya ya ba ta labarin alƙaliya daga farko har ƙarshe, yanzu ma ya ƙara masa gishiri, wai na ce masa ko Umma ce ta rubuta manhaja sai na kayar da ita. Inna ta ce, "Allah ya ba ki miji mai gaskiya irinki." Kowa ya ce amin. Na shiga banɗaki na daɗe.

Litinin, bayan an tashi aiki

Ƙungiya ta ɗauki Ja da Shuɗiya. An turo mana godiya.

Abokin Yaya da suke aikin tare ya zo gida ya kwashe kwamfutarsa da kujerarsa mai juyawa. Ya sami aiki a wani kamfani, ya ce ba zai iya ƙara jira ba, yana da iyali. Sun yi sallama lafiya lau, har Yaya ya taya shi ɗaura kujerar a bayan mota. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin yana kallon inda ƙafafunta suka yi shaida a leda.

Talata, da safe

Na tarar Yaya yana guge tsofaffin rigunansa na zuwa ofis. Ɗaya ta matse shi a ciki, ya ce laifin girkin Umma ne. Umma ba ta yi dariya ba.

Talata, da rana

Na yi wa Dogo tas a gaban kowa saboda ya ajiye ɓawon ayaba a teburin gwaji. Na ce masa bakinsa ya fi aikinsa yawa, wata rana sai ya kashe wani da wasan banza. Ya yi tsuru-tsuru ya ce, "Ikon Allah, duk a kan ayaba?" Ya ɗauke ya goge wurin da hannun rigarsa. Da yamma ya ajiye min biskit.

Ina so ya zama laifinsa ne. Na juya abin ta kowace fuska, ya ƙi zama.

Laraba, da yamma

Ba komai.

Alhamis, lokacin hutun cin abinci

Akwai abin da na tsallake da na rubuta labarin ranar gwaji. Na ce kunnuwana sun ɗau zafi, na ce na kashe data, na ce cinikin ya ɓace. Tsakanin ɓacewar da rubutawar ne na tsallake.

Gilashin wayar ya yi duhu na ɗan lokaci, na ga fuskata a ciki. Murmushi nake yi.

Tun muna yara in fitila ta lalace, a kira Yaya. In baƙo ya zo, a nuna masa abin da Yaya ya haɗa. Da na sami wannan aikin Umma ta gaya wa maƙwabta, "Shi yana ƙera su, ita kuma tana dannawa ta gani." Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma shi bai taɓa raina ni ba ko sau ɗaya, shi ya fara koya min kwamfutar ma. To me ya kawo murmushin? Ba zan ƙara rubuta komai a kan wannan ba.

Asabar, da hantsi

Na karɓi mukulli wajen mai gadi na ce na manta caja. Ofis shiru, ƙamshin omo bai gama fita ba. Na ɗauko wayar, na goge ta, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Maganin tari iri ɗaya, a ajiye, a kashe data tana cikin juyawa, a kunna.

Wallahi addu'a nake yi su riƙe. In duk sun riƙe, to na yi rashin adalci a hanya amma sakamakon na nan daram, sai in rufe bakina har abada. Dubi irin addu'ar da nake yi.

Shuɗiya ta riƙe, da data ya dawo ta aika abinta. Fara ta zubar. Ja, wadda muka ɗora a sama, wadda ake koya wa masu shago yanzu haka, ba zubarwa kaɗai ta yi ba, rufewa ta yi gaba ɗaya, da na buɗe ta manta har cinikin da ya gabata. Na juya jerin na sake, haka. Na sake lissafa makin da kowa ya sha gwaji ɗaya. Shuɗiya ta ɗaya. Koriya ta biyu.

Biyu ƙungiya ta ɗauka.

Na zauna a ƙasa, a kan tayil, na jingina da ƙafar tebur. Mai gadi ya leƙo ya ce, "Hajiya, an ga cajar?" Na ce an gani.

Litinin, da rana

Na faɗa wa Oga. Ba jarumta ba ce, kada in yaudari kaina. Tunanin wani mai shago na yi, data ya yanke masa, Ja ta ce maganin hawan jini na nan alhali ya ƙare, ga tsoho tsaye a gaban kanta. Shi ya tura ƙafata.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta cire tabarau ta ce, "Sake yi a gabana." Na yi. Ta kira Dogo ya yi da hannunsa. Sannan ta ce, "Kin san me muke sayarwa a nan? Ba mu da manhaja, ba mu da shago. Mutane na zuwa ne don sun yarda mun yi wa kowa abu ɗaya. Da kin ƙara masa maki da na gane, ɗan'uwa ne. Wannan fa, me zan kira shi?"

Na ce ina tsoron a ce na yi son kai.

Ta ce, "Sai kika yi shi ta baya."

Dogo na tsaye kansa a ƙasa, ya ce, "Oga, ni ma na tsokane ta ranar." Ta ce, "Kai ka duba lissafi ba ka duba hanya ba, naka na zuwa." Ni an ɗauke ni daga gwaji, zan koma shirya magungunan ƙarya da goge waya sai yadda hali ya yi. Gyara zai hau shafi ranar Alhamis, da bayanin abin da ya faru ƙarara. Ta kira ƙungiya a gabana. Sun ce za su gargaɗi shaguna a kan Ja, amma an riga an sa hannu, an horar da mutane, sai zagaye na gaba, baɗi.

Da zan fita ta ce, "Kada ki bari ya karanta a shafi. Ki faɗa masa da bakinki."

Talata, da yamma

Na tsaya a ƙofar Yaya. Yana waya da wani a kan neman aiki, yana ta "Yallaɓai, Yallaɓai." Na koma.

Laraba, bayan la'asar

Ina shigowa ya taso da gudu ba takalmi, kamar yaro. "Auta! Na gano ta! Data ne! In ya yanke ana tsakiyar ajiyewa, shi ke nan. Kai, amma ku mugaye ne, wa zai yi tunanin wannan?" Ya kama kafaɗuna yana girgiza ni. "Kar ki ce komai, na san doka. Amma ki ga, sauran ukun duk sun yi tunaninsa, ni kaɗai ne dolo. Na cancanci ta ƙarshe, wallahi na cancanta."

Ga ƙofa a buɗe, ba sai na ƙwanƙwasa ba. Kalma kaɗan ce: ba duka suka yi ba, Yaya.

Na gyaɗa kai. Innalillahi, gyaɗa kai na yi.

Alhamis, da rana

Gyaran ya hau shafi.

Alhamis, da yamma

Yaya ya karanta, ƙofarsa a rufe. Ba ƙwas-ƙwas. Umma ta kai abinci ta dawo da shi, ta tambaye ni ko ya faɗa min abin da ke damunsa. Na ce a'a, kuma wannan karon ba ƙarya na yi ba.

Juma'a, da safe

Mun haɗu a bakin famfo. Ya matsa ya ba ni wuri, irin matsawar da ake yi wa baƙuwa. Ya ce, "Ina kwana." Shi ya fara gaishe ni. Tunda aka haife ni bai taɓa riga ni ba.

Asabar, da yamma

Inna ta dawo da wata ƙawarta, ta ce, "Ba ta labarin alƙaliyar nan taku." Ya ce, "Inna, ya tsufa," ya tashi ya kawo musu ruwa. Umma ta dube shi, ta dube ni. Ba ta karanta shafinmu, amma ta haife mu. Bayan sun tafi ta ce min, "Ban san me kika yi ba, kuma ya hana ni tambaya. Ki je."

Lahadi, da hantsi

Na je. Yana zaune a bakin gado, ɗakin ya yi faɗi da babu kujerar abokinsa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Yaya, ka yafe min."

Ya ce, "Tashi, ba na son wannan. Tambaya zan yi miki, ki ba ni amsa irin ta ofis. Da ba tawa ba ce, za ki kashe mata data?"

Na ce, "A'a."

"Ranar Laraba da nake kiran kaina dolo, kin riga kin san Ja ta faɗi?"

Na ce, "Na sani."

Ya murza goshi. Sai ya miƙo min igiyar tsira da kansa, ya ce, "Tsoron bakin mutane ne ko? Kada a ce kin fifita ɗan'uwanki." Yadda ya faɗa, roƙo yake in ce e. Da na ce e da yanzu muna shan shayi, da zuwa jibi ya mayar da shi abin dariya.

Na ce, "Da shi. Amma ba shi kaɗai ba ne."

Ya dube ni sosai, ya daɗe. Bai ce mene ne ɗayan ba. Na ga lokacin da ya gane, fuskarsa ta saki kamar wanda aka gaya wa rasuwa. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ni kuwa ban taɓa lura ba. Kin ga wannan ma ban gwada ba."

Na fara kuka, ya bar ni na yi, bai rarrashe ni ba. Da na lafa ya jawo wayarsa daga caji ya miƙo min. Ya ce gobe zai fara sabon aiki, manhajar sai da yamma da ranakun hutu, amma ya gyara wurin datan kuma baɗi zai sake kai ta.

Ya ce, "Ungo. Kafin wani ya taɓa ta, ke za ki fara. Ki yi mata duk abin da kika ga dama, ba doka, ba launi."

Na ce, "Yaya, ni? Bayan wannan?"

Ya ce, "Wa ya fi ki? Duk wanda zan ba, so yake ta yi aiki. Ina bukatar wanda ke son ya ga ta faɗi."

Ba da gatse ya faɗa ba, da gatse ne da na ji sauƙi. Na karɓa da hannu biyu na fito.

Talata, da yamma

Na karya ta, a wajen maido da kaya. Na kai masa yana cire takalmin aiki, na nuna masa yadda na yi dalla-dalla. Ya karɓi wayar ya ce, "Na san za ki iya." Bai ɗago ya dube ni ba.